Tafiyar minti 25 ta cinye min awa 6

Abban Walid (Buffalo):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka yi ta kirana daren jiya ku yi haƙuri, cajin wayar ne ya ƙare. Ina gida lafiya, alhamdu lillahi. Amma ƙarfe 5 na yamma na tashi daga aiki, ban taka ƙofar gidana ba sai bayan 11 na dare, a hanyar da na saba cinyewa cikin minti 25.

A Cheektowaga nake aiki, wajen filin jirgin Buffalo a nan Amurka, gidana kuma yana Lackawanna, ta kudu da Buffalo. Tun azahar wayoyinmu ke ta ƙara da saƙon gargaɗin guguwar dusar ƙanƙara. Na sami ogan sashenmu na roƙe shi ya sallami mu da ke zaune ta kudu. Ya leƙa taga, ya ce shi bai ga komai ba, kuma duk wanda ya fita kafin lokaci za a rubuta masa laifi. A lokacin kam ko kwalta ba ta rufe ba a can. Na koma bakin aikina.

Da na kama hanya na miƙa kudu, sai na hango abu tsaye a gabana kamar farar katanga, daga ƙasa har sama. Kun san hazon da ke sauka tsakanin Kano da Zariya a tsakiyar hunturu? To shi hazo yana bar maka jar fitilar motar da ke gabanka. Wannan kuwa shigata ke da wuya na daina ganin hancin motata. Fari fat ko'ina, ba sama ba ƙasa. Waifa na ta kai da komo amma ƙanƙara ta daskare a jikinta, sai dai ta shafi gilashi ta bar shi yadda yake. Na kunna babbar fitila, hasken ya dawo min cikin ido, na mayar da ƙarama. Daga ƙarshe gilashin gefe na sauke, ina bin ƙarfen bakin titi da ido, da shi nake gane cewa ina kan hanya.

A haka muka yi ta rarrafe har komai ya tsaya cak. Sai daga baya na ji wata tirela ce ta zame ta gitta hanya. Mai kwata ne a tankina, rigar sanyina marar nauyi, takalmin aiki a ƙafata, ba bargo ba ruwa. Na bar inji a kunne saboda hita. Magariba da isha a zaune na yi su a kan kujera. Bayan kamar awa 2 kaina ya fara sarawa, wani barci mai nauyi yana fizgata, na ɗauka gajiya ce. Sai na ji ana bubbuga gilashi. Wata dattijuwa ce daga motar bayana, ta naɗe fuska da mayafin ulu, shebur a hannunta, tana nuna min bayan motata tana ɗaga murya. Na fito. Salansa ta nutse gaba ɗaya cikin dusar ƙanƙara, ko bakinta ba a gani. Tare muka tone ta, ni hannuna ba safa. Ta ce in kashe inji in buɗe taga kaɗan. Ban san sunanta ba, ban ma ga fuskarta da kyau ba.

Ku da kuka daɗe a ƙasashen nan, don Allah ku gaya min gaskiya. Me ya kamata in yi jiya? In fita tun da rana ko da za a kore ni, ko in kwana a wurin aiki?

Maman Ilham (Toronto):
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jikina duk ya yi sanyi. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri. Ya Maman Walid da yara?

Baba Alhaji (Shikago):
Barka da arziki, ɗana. Tunda ka ce a gaya maka gaskiya zan gaya maka, kada ka ji haushi. Laifin oganka yana nan, amma ba shi ya hana ka shan mai ba. Shekara fiye da 25 ina tuƙa tasi a garin nan, daga Nuwamba zuwa Maris tankina ba ya sauka ƙasa da rabi. A lokacin sanyi man nan da shi za ka ji ɗumi idan ka maƙale, ba tafiya kawai yake yi maka ba. Kuma mutum yana zaune a Buffalo, Buffalo fa, a ce babu shebur da bargo a but ɗinsa?

Na ga daren 1 ga Fabrairu 2011 da idona. Dusar ƙanƙara fiye da inci 20 ta sauka mana, ɗaruruwan motoci suka maƙale a Lake Shore Drive, titin da ke bin gaɓar tafki, mutane suka shafe dare a ciki, wasu suka bar motocinsu a wurin. Mafi yawansu masu komawa gida ne daga aiki, kowa yana cewa bari in yi maza kafin ta yi ƙarfi. Ni tun da rana na ajiye mota ranar. Na yi asarar cinikin yini, na kwana kan gadona.

Amsar tambayarka: da ka kwana a wurin aikin. Ko a kan benci ne.

Anti Nas (Buffalo):
Baba, ku yi min haƙuri, zan ɗan saɓa muku. Amma kafin nan, Abban Walid, kan naka yana ciwo har yanzu? Akwai jiri ko tashin zuciya? Idan akwai, ka tashi ka je asibiti yau ɗin nan, ka gaya musu ka zauna cikin mota salansa a toshe. Abin da ka shaƙa iskar kabon monoksaid ce. Ba ta da wari ba ta da launi. Idan hayaƙi ya rasa mafita sai ya taru a ƙarƙashin mota ya shigo ciki, ya kama jini ya hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Ciwon kai, jiri, barci, daga nan mutum ba ya farkawa. Barcin nan da ka ce yana fizgarka shi ne abin da ya fi tayar min da hankali.

Baba, ku da motarku kuke aiki, ku ke yanke wa kanku lokacin tashi. Shi kuma da awa ake biyansa, kuma a yawancin ayyukan ƙasar nan ana iya sallamar mutum ba tare da dogon bayani ba. Ga haya, ga yara, ga na gida suna jiran abin da zai aika. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ina garin nan a Disambar 2022. Ranar Juma'a 23 ga wata guguwar ta fara. Ƙarfe 9:30 na safe hukumar gundumar Erie ta hana tuƙi, alhali mutane da yawa sun riga sun fita aiki da sassafe. Su waye suka fita? Masu aikin shaguna, masu kula da tsofaffi, masu aikin asibiti irina. Fiye da inci 50 aka auna a filin jirgi cikin 'yan kwanakin nan, iska tana wuce mil 70 a awa. An kai lokacin da motocin asibiti da na kashe gobara su kansu suka maƙale, ka kira neman agaji a ce maka babu mai iya zuwa. Mutum sama da 40 suka rasu. An tsinci wasu cikin motocinsu, wasu a kan titi dusa ta binne su, wasu a gidajensu ba wuta. Ni kwana 3 na yi a wurin aiki da kaya ɗaya a jikina. Don haka idan aka ce min laifin direba ne kaɗai, ba na iya yin shiru.

Baba Alhaji (Shikago):
'Yata, ban ce shi kaɗai ba. Amma ogan nan yana gidansa a lokacin da yaron nan yake shaƙar hayaƙi. Idan ba zai ji tausayinsa ba, dole shi ya ji tausayin kansa. Aiki ana samun wani.

Ɗan Zango (Bronx):
Abban Walid, sannu ƙwarai. Ni shawarata ka sayar da ƙaramar motar nan ka nemi jif mai jan taya huɗu. Tunda na sayi tawa ban taɓa maƙalewa ba.

Ɗan Damagaram (Montreal):
Ɗan uwa Ɗan Zango, wannan maganar ita ke jefa mutanenmu cikin rami. Jan taya huɗu yana taimaka maka ka tashi, ba ya taimaka maka ka tsaya. Wajen birki kowace mota taya huɗu gare ta, kuma jif ta fi nauyi. Duk safiyar da aka kwana ana dusa, ka duba motocin da suka faɗa gefen hanya, za ka ga manya a ciki, don mai ita ya ji ta tashi lafiya sai ya saki jiki ya taka totur. Kuma jiya ko wace irin mota gare shi, tirela ta tare hanya, ina zai bi?

Abin da ya kamata a tambaye shi shi ne wace taya ke ƙafar motarsa. Tayar da ake cewa ta kowane lokaci robarta tana taurare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selshiyos. Tayar sanyi robarta tana nan da laushi, ga ƙananan tsage-tsage da ke kama ƙanƙara. Mu nan lardin Kebek na Kanada ba zaɓi ba ne, doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motarka ta kasance da tayar sanyi, in ba haka ba tara. Da na zo na ga kamar zalunci ne, kuɗin taya huɗu ga sabon zuwa ba wasa ba. Ranar da wata yarinya ta tsallako min titi a kan gangara na taka birki motar ta tsaya, na daina ganin tsadarta.

Duk da haka ban ce taya tana maganin komai ba. A Maris 2017 motoci kusan 300 suka kwana a babbar hanya mai lamba 13 a nan Montreal, kuma lokacin dokar tayar sanyi bai fita ba.

Maman Ilham (Toronto):
Mu a Ontariyo ba dole ba ne, amma kamfanonin inshora suna rage maka kuɗi idan ka sa. Mutanenmu da yawa ba su sani ba, sai ka tambaya.

Ni wani ɓangaren nake so a duba. Ana ta cewa kada a fita, kada a fita. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Akwai wata tsohuwa da nake zuwa wa, ba ta iya sauka daga gado sai an ɗaga ta, maganinta na safe ni ke ba ta. A guguwar 17 ga Janairun 2022, ranar da aka rufe manyan hanyoyin Don Valley da Gardiner a nan Toronto, bas-bas suka maƙale a tituna, na tsaya bakin taga ina kuka don ban san abin yi ba. In na zauna, wa zai juya ta? In na fita na maƙale, wa zai riƙe min Ilham? Daga ƙarshe maƙwabciyarta na samu a waya, na yi ta gaya mata abin da za ta yi ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, duk wanda nake kula da shi sai na karɓi lambar maƙwabcinsa tun kafin sanyi ya shigo.

Yaya Sani (Kano):
Allah ya kiyaye gaba. Amma ni ina ganin kuna tsananta abin. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wanda kwanansa ya ƙare ko a gado yake sai ya tafi. Ga shi Allah ya turo masa wadda ta cece shi. A yi addu'ar hawa abin hawa a dogara ga Allah.

Malam Na Masallaci (Minnesota):
Malam Sani, ajali gaskiya ne, babu mai musu. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma ya tabbata daga Abdullahi ɗan Umar cewa a daren sanyi da ruwa ana umartar ladan ya ce wa mutane su yi salla a masaukansu. Idan an sauƙaƙa wa mutum zuwa jam'i saboda yanayi, ina ga zuwa ɗaukar kaya a sito? Mu nan idan guguwa ta taso mukan tura saƙo cewa kowa ya yi salla a gida, har yanzu sai ka ga wani ya fito da iyalinsa a mota yana ganin ƙarin lada ne. Matar da ta buga masa gilashi, shebur ɗin nan ta saka shi a motarta tun kafin ranar. Da shi Allah ya tsirar da ɗan uwanmu.

Yaya Sani (Kano):
Na karɓa, Malam. Ban taɓa ganin abin da idona ba shi ya sa. Amma ku fahimtar da ni, ta yaya oga zai leƙa taga ya ga garau, mil kaɗan kuma a ce mutum ba ya ganin gabansa?

Anti Nas (Buffalo):
Tafkin Erie ne ke haddasa wannan, Yaya Sani. Farkon sanyi ruwansa bai daskare ba, ya fi iskar da ke bisansa ɗumi. Idan iska mai tsananin sanyi ta bi ta kansa sai ta kwashi danshi, tana isa tudu ta juye shi. Tafkin dogo ne, Buffalo kuma tana daidai ƙarshensa na gabas, don haka idan iskar ta biyo tsawonsa kanmu take saukewa. Kuma ba ta rufe gari duka, siririn layi take bi. Wata unguwa rana na haskawa, wata ana haƙa motoci. Iska ta ɗan karkata, layin ya koma wata unguwar. Garuruwan kudu irin su Lackawanna da Hamburg da Orchard Park su suka fi shan ta. Duk ɗan garin nan ya san haka, shi ya sa ban yarda ogan nan bai sani ba.

Auta (Winnipeg):
Iyayena da yayyena, wannan ne sanyina na farko, watan jiya na sami lasisi. Shekaranjiya na taka birki a kan wata gada, sai na ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata yana ƙara, na tsorata na ɗage ƙafa, saura kaɗan in daki na gabana. Birkin ne ya lalace?

Baba Alhaji (Shikago):
Lafiyarsa ƙalau, Auta. Na'urar ABS ce, tana kamawa tana saki da sauri don kada tayoyi su kulle. Idan ka ji karkarwar nan ka danne shi sosai kada ka ɗaga, hannunka kuma yana kan sitiyari kana juyawa inda kake so. Gada kuwa ita ke fara daskarewa, don iska na bin ta sama da ƙasa, babu ƙasar da za ta riƙe mata ɗumi. Za ka ga kwalta baƙa tana sheƙi kamar ruwa ne ya jiƙa ta, alhali ƙanƙara ce shimfiɗe. Ka rage gudu tun kafin ka hau, a kanta kada ka yi komai da gaggawa. In bayan motar ya fara zamewa, ɗaga ƙafa daga totur, ka kalli inda kake son zuwa ka juya can a hankali. Tazarar da kake bari da rani, ka ninka ta sau biyu ko uku. Kada ka wuce motar kwashe dusa, bayanta ya fi gabanta kyau.

Ranar da aka yi dusa, ka nemi filin ajiye motoci da babu kowa, ka yi ta taka birki a hankali har ƙafarka ta saba da karkarwar. Haka na koya wa 'ya'yana duka.

In kuma ka maƙale, zauna cikin motarka. A farin nan mutum yana iya ɓacewa taku kaɗan daga ƙofar gida. Kunna inji kamar minti 10 a kowace awa, kafin ka kunna ka fita ka duba salansa, ka bar taga a ɗan buɗe. Ɗaura ƙyalle mai launi a jikin mota, ka gaya wa wani daidai inda kake tun wayarka na da caji.

Ɗan Zango (Bronx):
Na janye maganar jif. Kun tuna min da hanyar I-95 a Bajiniya a Janairun 2022, inda har Sanata Tim Kaine ya yi awa 27 a mota yana ƙoƙarin isa Washington. Amma har yanzu ba a amsa wa Abban Walid ba. Gobe in oga ya sake hana shi, ya zai yi?

Anti Nas (Buffalo):
Ya daina roƙo da baki. Ya tura saƙo a rubuce tun da wuri, ya haɗa da hoton gargaɗin hukumar yanayi da ya ambaci unguwarsu, ya ce zai tashi ƙarfe kaza saboda haka. Su haɗu su uku ko huɗu masu zama ta kudu su aika tare, ya fi wuya a yi wa mutum huɗu barazana. In kuma an riga an makara dusa ta sauka, a nan na yarda da Baba, kada ya hau hanya.

Abban Walid (Buffalo):
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, ban ji haushi ba, mahaifina ma abin da zai faɗa ke nan. Anti, na bi maganarki, yanzu muka dawo daga asibiti. Sun duba ni, sun sa min iska na wani lokaci, sun ce in huta, in koma idan ciwon kan ya dawo. Maman Ilham, Maman Walid tana gaishe ki. Jiya tana tsaye bakin taga har na shigo, Walid ya yi barci a ƙasa da takalminsa a ƙafa don ya ce zai fita nemana.

A hanyar dawowa mun tsaya na cika tanki, na sayi shebur da safar hannu da abin cajin waya, bargo biyu na gida kuma suna cikin but. Tayar sanyi sai an yi albashi. Na kira abokan aikina biyu da ke Hamburg, sun yarda mu tura saƙon tare.

Masu hasashen yanayi sun ce layin dusar zai iya dawowa kanmu jibi da yamma, kuma ina da aiki ranar. Akwai wanda ke zaune kusa da filin jirgi da zan iya kwana a wurinsa idan ta kama?

Ɗan Gwandu (Cheektowaga):
Ina karantawa tun ɗazu ban yi magana ba. Minti 5 ne daga gidana zuwa filin jirgi. Akwai katifa a falo, ka taho da abokan naka biyu. Na tura maka adireshi ta akwatinka.